Likkafanin da Malam Ya Yanka Mini

Paris, 3 ga Disamba

Zuwa ga Yayata Sa'ida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Alhaji da yara da duk mutanen gida a Maradi. Yaya jikin Alhaji, sukarin ya sauka? Yaya ƙafarki? Ni ma lafiya, alhamdu lillahi, sai haƙuri.

Na ji saƙonninki duka, har da wanda kike faɗa don ba na mayar miki da murya. Yaya, in na danna wayar zan yi magana, sai in fasa in ajiye ta. Kuma na san gidanku, a tsakar gida ake buɗe saƙo, har mai kawo ruwa ya ji. Shi ya sa na ɗauko biro. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san aji shida na tsaya. Wata 'yar Tasawa da za ta sauka jibi ita za ta riƙo miki.

Ranar Lahadi aka yi sadakar arba'in ta Malam. Mutane sun zo, 'yan Nijar da 'yan Cadi da 'yan Kamaru, kusan duk masu butik, wato kantunan unguwarmu Goutte d'Or. Ni ina ɗaki, takaba ta riƙe ni. Ba turare, ba kwalli, zane ɗaya nake juyawa. Maza daga bakin matakala suke gaishe ni, ƙofa a sakaye, ina amsawa daga ciki. Na riƙe 'yar wuƙa kusa da ni kamar yadda Inna ta yi lokacin Baba. Matar liman ta ce wannan ba ya cikin littafi. Na ce to, amma ban ajiye ba, da ita nake ɓare lemo.

Kin tambaya ko an samu likkafani na kirki a ƙasar Nasara. Ki kwantar da hankalinki. Shekara takwas da suka wuce, da za mu Makka, Malam ya sauko da bandir na farin yadi daga kanta, ya yanka nasa ƙyalle uku, ya yanka nawa biyar, duk daga bandir ɗaya. A can muka jiƙa su da Zamzam cikin bokiti, muka shanya a kan gadajen masauki. Yana ta yi mini ba'a wai ya ƙara mini kamu guda don ya ga ina ƙiba. A cikin nasa aka sa shi. Dokar ƙasar nan sai da akwati, amma abin da ke jikinsa shi ne wanda ya yanka da hannunsa. Nawa yana cikin jakar Makka a ƙarƙashin gado.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ɗiyarki Latifa ta daina kirana, yau kwana goma sha biyu. Ko sadakar arba'in ba ta zo ba, ta ce jarrabawa.

Kin san tana Lyon, a unguwar da ake kira Villeurbanne, tana karatun injiniya a kan zare da rini. Malam yakan ce shi yana sayar da yadi, ɗiyarsa ta san cikin yadi. Bari in faɗa miki maganar yadda na fahimce ta. Akwai wata ƙasa can gabas mai nisa, daga can ake kawo yawancin yadin da ake sayarwa a unguwarmu, farin yadi da shadda mai araha da atamfar talakawa. An ɗora wa kayanta kuɗin duwan, wato na kwastan, mai nauyi, don an ce gwamnatinta tana kwashe mutane tana kulle su, tana sa su aikin auduga da masaƙa ba da sonsu ba. Yanzu 'yan majalisa suna gardama, a mayar da ita kamar kowace ƙasa a ciniki, ko a bar ta a matse sai ta gyara hali.

'Yan kasuwarmu suka rubuta wa dapite, ɗan majalisar unguwarmu, takarda cewa a buɗe mata. Soumaïla ƙanen Malam, wanda yake riƙe da butik yanzu, shi ya bi mutane suka sa hannu. Latifa kuwa tana cikin ƙungiyar ɗalibai masu cewa kada a buɗe. A wurin taronsu wani ya karanta takardar 'yan kasuwa daga waya, sunaye ɗaya bayan ɗaya, sai ta ji sunana.

Yaya, na sa hannu, ba zan musa ba. A satin da Malam ya rasu takardu kamar ruwan sama suke zuwa, na asibiti, na maƙabarta, na banki, na gidan haya. Soumaïla ba ya shigowa inda nake. Yakan tsaya a waje ya ba matarsa takardun, ya riga ya yi alama da fensir inda zan sa hannu, ita kuma ta ɗora mini a kan faranti a cinyata, mayafi har hancina. Ko takardar sayar da ni ce aka kawo, da na sa hannu.

Da ta kira, da Faransanci ta fara, yaren da take yi in ranta ya ɓaci. Sannan ta ce, “Mama, kin karanta kafin ki sa hannu?” Na ce a'a. Ta ce wannan ya fi muni. Daga nan ban sake jin muryarta ba.

Don Allah kada ki kira ta ki yi mata faɗa, na san bakinki. Addu'a nake so. Ki gaishe da Alhaji da kyau, ki gaishe da yara.

Ƙanwarki,
Balkisa

Paris, 27 ga Disamba

Yaya Sa'ida,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kowa yana lafiya. Amsarki ta iso tare da daddawa da kuka, Allah ya saka da alheri. Na ji daɗi da kika ce Alhaji ya fara fita masallaci. Nan sanyi ya shigo sosai, ƙarfe biyar gari ya yi duhu.

Kin ce yaran Faransa ba su san yunwa ba. Kin tuna mini lokacin da aka rufe iyakar ƙasarmu, manya ba su rasa komai ba, ku ne kuka yi sati uku kuna neman allurar sukarin Alhaji gari gari. Ban manta ba. Na karanta wurin nan sau uku.

Soumaïla ya zo daga Bobigny ranar Asabar, don na aika masa. Ya tsaya a bakin matakala, ni ina bayan ƙofa. Fitilar matakalarmu minti ɗaya take yi ta mutu, sai an sake latsawa, haka ya yi ta magana yana latsa fitila. Ya rantse cewa ya faɗa mini kafin in sa hannu. Ya ce a ranar ya ɗaga murya ya ce ga takardar 'yan kasuwa a ciki, ni kuma na ce to. Da na zauna na yi tunani, ina jin gaskiya ya faɗa. A kwanakin nan komai aka ce mini, to nake cewa. Ba zan ɗora masa ha'inci ba.

Ya ce in ka rufe ƙofa da mutum ba ka ganin abin da yake yi a ɗaka, amma in kuna ciniki dole ya bar ka ka leƙa. Ya ce in aka daina sayen yadin, masu mulkin can ba za su kwana da yunwa ba, masu saƙar ne za a kora. Ya ce matan nan masu shara a ofisoshi, da me za su yi ankon biki in atamfa ta yi tsada? Ya ce in sai ƙasa mai tsabtar hannu za a saya wa kaya, to kowa ya shirya yawo tsirara. Na yi dariya ban shirya ba, ita ce ta farko tun rasuwar. A ƙarshe ya ce da Yaya Bukari, wato Malam, yana raye da ya sa hannu. Wannan kam ban sani ba. Malam ba ya kawo mini maganar kasuwa gida.

Wani yammaci na kunna tele na tarar suna gardamar a majalisa, rabin kujerun ba kowa. Faransancina na kasuwa ne, amma na tsinci wani abu. Wata mata ta ce a buɗe, amma da sharaɗin a riƙa tura masu dubawa. Wani dattijo ya ce mai dubawa baƙo ne, ɗakin da aka share ake nuna wa baƙo. Duk wanda ya tashi sai in ga kamar shi ke da gaskiya, har na gaba ya tashi.

Da na kashe tele sai na jawo jakar Makka. Ban taɓa buɗe ta ba tun da muka dawo. Na warware ƙyallen babba, sai ga shuɗin tambari a bakin yadin. Zamzam ya sa ya koɗe, amma ana karantawa. Sunan ƙasar nan ne.

Na aika matar liman ta tambayo mini. Liman ya ce yadin da aka saya da kuɗin halal halal ne, zunubi yana kan azzalumi, ba a tambayar mamaci wa ya saƙa likkafaninsa. Na yarda da liman. Sai dai tun ranar na kasa ninke shi in mayar, yana kan kujera na rufe shi da zane.

Sannan na yi wauta. Na ɗauki hoton tambarin na tura wa Latifa, na ce ko ƙasar ke nan. A raina ina neman abin da zai sa ta yi mini magana ne. Ko minti biyar ba a yi ba ta kira. Ba ta tambayi lafiyata ba. Ta ce za su yi babban taro farkon Maris kafin a jefa ƙuri'a, in ba ta likkafanin ta ɗaga shi a gaban jama'a, su ga abin da ake binne mu a ciki. Na ce mata likkafani ba tuta ba ne, tufar da zan sadu da Ubangijina ce, ba za a baje shi a gaban maza ana ɗaukar hoto ba.

Ta ce, “Baba yana kwance cikin gumin bayi, ke kuma kina zaune kina jiran naki.”

Yaya, ni na kashe wayar. Tun da na haife ta ban taɓa kashe mata waya ba.

Ban yi kuka ba. Na tashi na dafa shinkafa, na zuba ta mutum biyu kamar kullum, na sa sauran a firji. Ki ci gaba da addu'a. Ki gaishe da Alhaji da duk wanda ya tambaye ni.

Taki,
Balkisa

Paris, 30 ga Janairu

Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kuna lafiya, ya sanyi a wajenku? Na ji an yi wa Alhaji sabon gwaji, Allah ya sa a ji alheri. Ni mura ce ta kama ni, ta sake ni.

Takardar nan gajeriya ce, mai tafiyar da asuba za ta kama hanya.

Na cire sunana daga takardar 'yan kasuwa. Madam Agathe maƙwabciyata, tsohuwar malamar makaranta da ƙofarta ke kallon tawa, ita ta zauna da ni. Ina faɗa tana rubutawa da Faransanci mai kyau. Ta so ta ƙara kalmomi masu zafi, don ita ma tana da ra'ayinta, na hana. Abin da na ce shi ne, na sa hannu ina cikin makokin mijina, ban karanta ba. Ban ce a buɗe ba, ban ce a rufe ba, don ban sani ba. A cire sunana kawai. Ofishin dapite suka amsa da layi biyu, sun ce sun gani.

Soumaïla ya ji haushi ƙwarai. An ce a masallacin Juma'a abokansa suna yi masa tsiya, wai matar wansa ta kwance masa zani a kasuwa. Sati biyu matarsa ba ta kawo mini tuwon Juma'a ba. A na uku ta kawo, ta ajiye, muka yi hirar sanyi da tsadar albasa, ba wanda ya taɓo maganar. Ban ga laifinsa ba. Shi ne yake tsaye a butik tun safe, kuma daga butik ɗin nan ake biyan ɗakin Latifa a Lyon, ko ta so ko ba ta so.

Na tura wa ɗiyarki hoton takardar. Bayan kwana biyu ta rubuto, “Na gani.” Shi ke nan.

Kin ce in ƙyale ta, duniya za ta koya mata. Yaya, ke kina da 'ya'ya bakwai a gari ɗaya, ga ki da dangi ko'ina. Ni ɗiya ɗaya gare ni a ƙasar nan. Ranar da tawa ta zo, ita za ta tsaya a kaina a yi mini wanka, ita za ta miƙa wa masu wankan abin da za a naɗe ni da shi. In ta ƙi taɓa wanda ubanta ya yanka mini, fa? In ma ba ta zo ba, fa? Ba majalisa ce ke hana ni cin abinci ba, wannan ne.

Ranar ashirin da shida ga Fabrairu zan fita takaba in Allah ya kai mu. Na rubuta mata ranar. Na ce ina so ita ta tsefe mini kai.

A gaishe da kowa da kowa.

Balkisa

Villeurbanne, 2 ga Maris

Zuwa ga Yaya Sa'ida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Alhaji da yara, da fatan kun tashi lafiya. Dubi saman takardar nan ki ga inda nake. A kan teburin karatun ɗiyarki nake rubutu, ita ta tafi aji.

Na fita takaba ranar da na faɗa miki. Mata sun zo, na yi wanka, aka yi sadakar masa, na ba da zannuwan takabar. Matar Soumaïla ce ta tsefe mini kai. Latifa ba ta zo ba. Duk wadda ta tambaya na ce karatu.

Kwana biyu bayan nan na ninke likkafanin na sa a jakar hannu, Madam Agathe ta saya mini tikiti a waya ta raka ni tasha. Shekara ashirin da huɗu ina ƙasar nan ban taɓa shiga jirgin ƙasa ni kaɗai ba, kullum bayan Malam nake bi. Wata huɗu ban taka titi ba. Awa biyu sai ga Lyon. Na nuna wa wata mata adireshin ta sa ni a tiram, ta ƙirga mini tashoshi da yatsu.

Da ta buɗe ƙofa ta gan ni, sai ta karɓi jakar. Yaya, yarinyar ta rame, wuyanta ya fito. Ɗakin bai fi kicin ɗinmu ba, takardu har kan gado. Ta dafa mini shayi. Na sha. Na ce mata na kawo abin, amma ba don taro ba. Na ce na kawo ne ta dube shi da idonta a gabana.

Ta ce akwai wadda ta fi ta cancantar gani. Ta kira wata mata da take zuwa taronsu, sunanta Ameena, 'yar ƙasar can ce. Tana aiki a kicin ɗin makarantarsu. Za ta yi shekara arba'in, fara, gajeriya, da ɗan kallabi. Ita ma ta yi aikin masaƙa kafin ta gudo. Ƙanwarta aka ɗauka shekara shida da suka wuce, har yau ba labari sai abin da ake ji a bakin mutane, wai tana wata masaƙa da ba a fita. Faransancinta kamar nawa yake, don haka muka fahimci juna sarai.

Ta wanke hannu kafin ta taɓa, ban ce ta yi ba. Ta bi bakin yadin da yatsa, ta nuna mini inda zare ya tsinke aka ƙulla, ta ce mai tsaron injin ce ta ƙulla shi, kowace da irin ƙullinta. Ta daɗe a kan ƙullin nan. Ta ce ba za ta iya cewa na wa ne ba, masaƙun suna da yawa, kuma lokacin da aka saƙa wannan ƙanwarta tana gida. Ban san ko in ji sanyi ba ko a'a, don ko ba ƙanwarta ba ce, ƙanwar wata ce.

Na faɗa mata maganar Soumaïla, na faɗa mata labarin allurar Alhaji. Na yi zaton za ta yi fushi. Ta ce ta sani, mahaifiyarta ma da cinikin auduga take ci, in aka rufe ita za ta fara ji. Amma ta ce in aka mayar da su kamar kowa ba tare da an saki ko mutum ɗaya ba, an gaya wa masu mulkin ke nan abin da suka yi ba komai ba ne. Ita dai a rufe take so. Na tambaye ta to ni yaya zan yi da wannan. Ta ce wanda aka riga aka saƙa an saƙa, ita da za ta zaɓa, gara ya rufe mai salla da ya zama zanen gadon otel. Ta ce sai dai in gaya wa ƙanen mijina ya riƙa tambayar inda kayansa suka fito. Na ce zan faɗa, ban yi alkawarin zai ji ba.

Bayan ta tafi na fara ninkewa. Latifa ta kama ɗaya gefen kamar yadda muke ninke zanen gado. A nan ta faɗa mini abin da ban sani ba. Kwana huɗu kafin Malam ya faɗi a butik, ta kira shi a kan maganar yadin nan. Suka yi sa-in-sa. Ta ce masa da kuɗin zalunci yake biya mata makaranta. Ya ce to ta dawo gida ta zauna. Ta kashe waya. Maganarsu ta ƙarshe ke nan a duniya. Wata huɗu tana ɗauke da wannan ita kaɗai a ɗakin nan, ni ina can ina zaton da ni take fushi. Ta ce ta kasa zuwa arba'in ne don ba za ta iya shiga gidan ta ga takalmansa ba.

Ta tambaye ni ko ya faɗa mini, ko ya ce ya yafe.

Na so in yi mata ƙarya, Yaya, har ta zo bakina. Amma na ce bai faɗa mini komai ba, ban ma san sun yi ba. Abin da na sani shi ne, ranar Juma'ar nan, jajibirin rasuwarsa, yana cin abinci ya ce in tambaye ta ko an gyara mata abin ɗumama ɗaki, don sanyi ya kusa. Ni ce na manta ban tambaya ba.

Ta kifa kai a cinyata. Na bar ta ta yi kuka har ta gaji. Ni ma a nan nawa ya zo, wanda ya ƙi zuwa tun Oktoba.

Jiya aka yi taronsu. Na je na zauna a baya. Kujeru sittin, mutane ba su kai arba'in ba. Ameena ta yi magana, wani malamin jami'a ya kawo hujjar masu son a buɗe, aka yi ta ja. Latifa ta yi nata bayanin a kan yadda ake gane asalin auduga, ban fahimci rabinsa ba, amma ba ta ambaci ubanta ba, ba ta ambaci ni ba, ba ta ɗaga komai ba. An ce sati mai zuwa za a jefa ƙuri'a, wasu sun ce za a ɗaga. Ita tana nan a kan bakanta, Soumaïla yana kan nasa, ni har yanzu in aka ba ni takardar ban san gefen da zan sa hannu ba. Amma zan karanta.

Da muka dawo ɗaki na yi mata tambayar da ta kawo ni Lyon. Na ce in na mutu, za ta sa ni a cikinsa, ko za ta nemo wani? Na ce ta faɗa mini gaskiya tun ina ji. Ta ce ita ba za ta taɓa sayen irinsa ba, ko na kanta. Na ce ba shi na tambaya ba. Sai ta ce, “Zan sa ki a ciki, Mama, da hannuna. Baba ne ya yanka. Amma ki bari in gama makaranta tukuna.”

Na ce wannan ba a hannuna yake ba, amma zan yi ƙoƙari.

Ranar Juma'a za mu koma Paris tare, ta ce tana so ta je kabarin. Na ce daga can sai Bobigny ta gaishe da baffanta, Tonton Soumaïla. Ta ce za ta gaishe shi, amma in ya taɓo maganar ba za ta yi shiru ba. Na ce ta bari ya ci abinci tukuna.

Yanzu kina iya kiranta, amma a hankali. Ki gaishe mini da Alhaji, Allah ya ƙara masa sauƙi. Allah ya jiƙan Malam da iyayenmu, ya sada Ameena da 'yar'uwarta, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarki,
Balkisa